Ian Donald: Likitan da ya ari na'urar maƙera ya leƙa cikin ɗan Adam

Duk macen da aka taɓa yi wa hoton ciki a Maraɗi, ta ga ɗanta yana motsi a allo, ta ci gajiyar aikin Farfesa Ian Donald, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1910, a yankin Cornwall na Ingila. Ya karanci likitanci a Landan, ya kuma yi aiki da sojan saman Birtaniya a yaƙin duniya na biyu. A can ya fara sha'awar na'urorin da ke gano abin da ido ba ya gani. Bayan yaƙi ya duƙufa kan jarirai masu wahalar numfashi, kafin a naɗa shi farfesa a fannin haihuwa a Jami'ar Glasgow a 1954.

A 1955 ya kwashi ƙarin da aka cire wa mata, ya kai masana'antar Babcock & Wilcox da ke Renfrew, inda ake gano tsagewar ƙarfe da sauti. Da aka gwada, sai ya ga ƙari mai ruwa da mai tauri kowanne da irin amsar da yake mayarwa.

Hotunan farko dishi-dishi suke, abokan aikinsa ma ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai aka kawo wata mata da aka ce sankara ta cinye mata ciki, babu batun tiyata. Na'urar ta nuna ƙari ne mai ruwa a ƙwan mahaifa. Aka cire shi, matar ta warke. A 1958 shi da likita John MacVicar da injiniya Tom Brown suka wallafa sakamakonsu a mujallar The Lancet.

Yau na'urar ta ƙanƙance har ana haɗa ta da wayar salula. Likitocin yara masu neman ƙwarewa na koyon ɗora ta a ƙirjin yaro yana kwance a gadonsa, don gano ciwon huhu ko ruwa a kewayen zuciya. Sai dai wahalar da Donald ya sha tana nan: karanta hoton. Likitan da bai samu horo ba zai iya kallon cuta ya wuce ta.

Donald ya daɗe yana fama da ciwon zuciya, har sau uku aka yi masa tiyata. Ya rasu ranar 19 ga Yuni, 1987.