Samuel Ajayi Crowther: Bishof ɗin da ajali ya riska yana bakin ƙofar fita

A watan Agustan 1890, wani kwamitin kuɗi ya yi zama a Onitsha, a gaɓar kogin Kwara. Shugaban zaman dattijo ne mai kimanin shekara 80, Bishof Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ɗarikar Angalika ta naɗa bishof. Masu ƙarfin faɗa a ji a ɗakin kuwa matasan Turawa ne da ƙungiyar mishan ta CMS ta turo daga Ingila. A gaban idonsa sakataren mishan ɗin, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da shi bishof ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa na cikinsa, Dandeson. Dattijon ya ajiye kujerarsa ta kwamitin.

Wata 16 kacal suka rage masa a duniya, kuma ya ƙarar da su ne yana fama da tambayar da har yau take hana Kiristoci da dama barci: yaushe ne ya halatta mutum ya bar cocin da ta raine shi? A Legas ko Abuja, inda kowane layi yake da majami'a, sauya coci bai fi sauya tela wuya ba. Amma a garuruwa irin su Gummi, Anka da Bukkuyum, inda Kiristoci ba su da yawa kuma kowa ya san kowa, wanda ya fita ya bar waɗanda za su tsaya masa ranar aure da ranar jana'iza. Halin Crowther ya fi kama da na biyun, domin duk abin da ya mallaka a duniya ta hannun cocinsa ya zo masa.

An haife shi a Osogun, a ƙasar Yarabawa, wajajen 1809. A 1821, lokacin da daular Oyo take wargajewa, mahara da suka haɗa da Fulani da Musulmin Oyo suka afka wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa. Ya yi ta sauya iyayen gida, har an taɓa musayarsa da doki, kafin ya faɗa hannun 'yan kasuwar Fotugal. A watan Afrilun 1822 sojojin ruwan Birtaniya suka tare jirgin da ya ɗauko shi, suka sauke bayin a Freetown ta ƙasar Saliyo. 'Yan CMS ne suka koya masa karatu, suka yi masa baftisma a 1825, suka raɗa masa sunan wani limamin Landan. Yana cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827, aka naɗa shi limami a 1843. A Abeokuta, bayan rabuwar kusan shekara 25, ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa. Mutumin da ya bi ta wannan hanya ba zai kalli CMS a matsayin ma'aikata kawai ba.

Arewa ta san shi fiye da yadda littattafan makaranta suke nunawa. Ya bi ayarin binciken kogin Kwara na 1841 tare da J. F. Schön, Bajamushen da ya yi suna wajen nazarin harshen Hausa. Ya sake hawa kogin a 1854 da 1857 tare da Dakta Baikie, kuma da jirginsu ya yi karo da dutse kusa da Jebba, sai ya mayar da zaman jiran lokacin koyon Nupanci. Ya kafa tasha a Lokoja, ya riƙa kai gaisuwa fadar Bida, inda shi da Etsu Masaba suka yi zaman mutunci. Ya koya wa ma'aikatansa su guji zagin Musulunci, su nemi sanin Larabci, su yi muhawara cikin ladabi. Amincin ya kai har Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana neman ya isar da kukansa ga Sarauniyar Ingila kan barasar da 'yan kasuwar Turai suke malalowa ƙasar Nupe. Yaron da mahara Musulmi suka sayar ya girma ya zama wanda sarki Musulmi yake ba wa amanar saƙo.

Naɗinsa a babbar majami'ar Canterbury ranar 29 ga Yunin 1864 aikin Henry Venn ne, babban sakataren CMS, wanda ya yi imani cewa dole cocin Afirka ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta. Sai dai tun ranar farko akwai tsutsa a cikin goron. Turawan mishan na Abeokuta, Henry Townsend a gabansu, sun ƙi zama a ƙarƙashin baƙar fata, don haka aka ba shi yankin da ke wajen Legas da Abeokuta, aka bar jakar kuɗi a Landan. Yana da ikon naɗa limami, amma albashin limamin daga wani hannu yake fitowa.

Venn ya rasu a 1873, iska kuma ta juya. Kamfanin George Goldie, wanda ya samu takardar izinin sarauta a 1886 ya zama Royal Niger Company, ya shiga korar 'yan kasuwar Legas da Saliyo daga kogin, kuma da yawansu dangi ne ko abokan ma'aikatan Crowther. A 1880 wani Bature, J. B. Wood, ya rubuta rahoto mai cike da zarge-zarge kan ma'aikatan, ba tare da an ba waɗanda ake zargi damar kare kansu yadda ya kamata ba.

Gaskiya dai ba a rasa laifi a gidan ba. Wasu ma'aikatan sun fi mayar da hankali ga fatauci, wasu ga kwalba, kuma a Onitsha wata yarinya ta mutu sakamakon azabar da wasu masu alaƙa da mishan ɗin suka gana mata, lamarin da ya kai ga shari'a a Saliyo. Crowther mutum ne mai sanyin hali, mai saurin yafiya, yana kuma kula da tashoshi masu nisan ɗaruruwan mil da albashin da bai taka kara ya karya ba. Wanda duk ya ce sharri ne zalla bai karanta tarihin ba. Abin dubawa shi ne yadda aka mayar da laifin wasu mutane hujjar cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba.

Waɗanda suka ƙarasa aikin ƙasar Hausa suka nufo. A 1890 Graham Wilmot Brooke, matashi ɗan shekara 25, da John Alfred Robinson suka sauka a Lokoja da ayarin da suka kira na Sudan. Suka sa riga da rawani, suka duƙufa koyon Hausa, da burin kaiwa Kano da Sakkwato. Masu tsananin ibada ne, ba sa tsoron mutuwa, kuma irin wannan tabbaci ne ya sa suka ga kowa a gurɓace. Suka share sunaye daga rajistar coci, aka rufe makarantar horar da ma'aikata ta Lokoja, aka kawar da Henry Johnson, malamin da ya san Larabci fiye da yawancin masu tuhumarsa. Zaman Onitsha shi ne ƙarshen wannan shara.

Labarin ya tayar da ƙura a Legas. Dama tun 1888 wasu 'yan Baptis sun ɓalle daga Turawan Amurka sun kafa cocinsu. A farkon 1891 Edward Blyden ya yi lacca a birnin yana kira da a kafa coci ta 'yan Afirka zalla, kuma a watan Agustan shekarar wasu suka amsa, suka kafa United Native African Church. Da Crowther ya ɗaga yatsa, da jama'a masu yawa sun bi shi, domin babu wani baƙar fata a gaɓar tekun da sunansa ya kai nasa nauyi.

Bai ɗaga ba. Masu sukarsa, a lokacin da kuma bayansa, sun ce biyayya ta yi masa yawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar: shekara goma ya yi yana haɗiye wulaƙanci, ma'aikatansa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wasiƙu masu ladabi zuwa Landan. Amma akwai abin da masu sukar suke tsallakewa. Crowther ba shi da rigima da aƙidar Angalika. Shi ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, shi ya fassara littafin addu'o'in ɗarikar, kuma ko a kan auren mace fiye da ɗaya, inda wasu sababbin cocin Legas suka sassauta, yana tare da tsattsauran ra'ayin Canterbury. Rigimarsa ta iko ce da mutunci. Don haka ya raba abu biyu da mutane suka saba gwamawa: coci daban, ƙungiyar da take riƙe da lalitar cocin daban.

A kan wannan ne ya amince da shirin da ɗansa Dandeson da ikilisiyoyin Neja Delta suka kawo: su daina karɓar ko anini daga CMS, su biya limamansu da kansu, su ci gaba da zama 'yan Angalika a ƙarƙashin bishof ɗinsu. Ba banza ba ne shirin ya fito daga Bonny. Garin yana da kuɗin manja, masu bi suna da yawa, sun riga sun gina babbar majami'arsu. Tashoshin sama, irin su Lokoja, ba su da wannan ƙarfi, don haka suka zauna inda aka ajiye su. Ashe ko a harkar addini, mai iya ciyar da kansa ne yake da bakin cewa ya tafi. Landan ta nemi a jinkirta. A karon nan dattijon da aka sani da cewa to bai janye ba.

Jikinsa ne ya janye. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a tsakiyar 1891, aka kai shi Legas, ya rasu ranar 31 ga Disambar shekarar, ana dab da ƙaddamar da shirin. Dandeson ya ƙaddamar da shi a watan Afrilun 1892 da sunan Niger Delta Pastorate. Sun yi shekara biyar suna cin gashin kansu kafin a sasanta a 1897, suka dawo da tsarin mulkinsu a hannu. Ba su taɓa daina kiran kansu 'yan Angalika ba.

Masu sharar ba su ga Kano ba. Robinson ya rasu a Lokoja a 1891, Brooke ya bi shi a watan Maris na 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson zuwa Kano, kuma daga wannan tafiya aka samu ƙamus ɗinsa na Hausa. H. H. Dobinson, ɗaya daga cikin matasan Onitsha, ya rayu har ya gane kuskurensa, ya fito bainar jama'a ya nemi gafara.

CMS kuwa ba ta nemi gafarar kowa ba a lokacin. Ta ba Bature, J. S. Hill, kujerar Crowther, aka naɗa 'yan Afirka biyu, Isaac Oluwole da Charles Phillips, mataimaka. Da Hill ya rasu a 1894 sai Herbert Tugwell ya gaje shi, wanda ya jagoranci ayarin da Sarkin Kano Alu ya sallama daga birnin a 1900. A zamanin Tugwell ɗin ne, a 1901, ɗaruruwan masu ibada a cocin Breadfruit ta Legas suka fice saboda yadda aka yi wa limaminsu James Johnson, suka kafa cocin Bethel. Shi Johnson ɗin da aka yi ficewar dominsa bai bi su ba, ya mutu ɗan Angalika. Sai a 1952, shekara 60 bayan Crowther, aka sake damƙa wa ɗan Najeriya cikakken yankin bishof. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, shugaban ɗarikar Justin Welby ya tsaya a majami'ar Canterbury ya bayyana nadamar cocin kan abin da aka yi masa.

Haƙurin gidan bai wuce jika ba. Herbert Macaulay, ɗan 'yar Crowther, ya ajiye aikin gwamnatin mulkin mallaka, ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923, ya shugabanci NCNC a 1944. Yana rangadin ƙasa don yaƙar tsarin mulkin Gwamna Richards a 1946 ciwon ajali ya kama shi a Kano, aka mayar da shi Legas, inda ya cika a watan Mayu.