Chen Yi: Ministan da rikicin gida ya ɗaure wa hannu, amma ya nuna wa Sin hanyar Amurka

A watan Agustan 1967, matasa masu tsattsauran ra'ayi suka mamaye ma'aikatar harkokin wajen Sin, wasu kuma suka cinna wa ofishin jakadancin Birtaniya da ke Beijing wuta. Ministan, Chen Yi, yana nan da muƙaminsa, amma ba shi da ta cewa.

An haife shi a 1901 a lardin Sichuan. Ya tafi Faransa karatu a 1919, aka koro shi gida a 1921 saboda zanga-zangar ɗalibai. Daga nan ya shiga jam'iyyar kwaminis, ya jagoranci sojoji a yaƙi da Japan da kuma yaƙin basasa, ya zama magajin garin Shanghai a 1949.

A 1958 aka ba shi ma'aikatar harkokin waje. Yana cikin tawagar Firaminista Zhou Enlai da ta zaga ƙasashen Afirka goma tsakanin 1963 da 1964, ciki har da Ghana, Mali da Sudan, domin neman ƙawaye.

Wannan aiki ya wargaje a 1966, lokacin da Mao Zedong ya ƙaddamar da Juyin Juya Halin Al'adu, ya zuga matasa su farmaki manyan jami'an gwamnati. Aka kira jakadun Sin gida, in ban da na Masar. A Fabrairun 1967 Chen Yi ya soki wannan hauka a taron shugabanni, abin da ya jawo masa tozarci a bainar jama'a.

Sai a Maris 1969, bayan sojojin Sin da na Tarayyar Sobiyet sun gwabza a kan iyaka, Mao ya ga ƙasarsa ta zama saniyar ware. Ya sa Chen Yi da wasu manyan hafsoshi uku su nazarci halin da duniya ke ciki. Sun gano cewa Sobiyet ce babbar barazana, Chen Yi kuma ya ba da shawarar a zauna da Amurka.

Bai ga cikakken amfanin shawararsa da idonsa ba. Cutar daji ta kashe shi ranar 6 ga Janairun 1972, Mao kuma ya halarci jana'izarsa ba zato. Bayan kimanin makonni shida, Shugaba Nixon na Amurka ya sauka a Beijing.