Tarihin Kapitsa, Mai Awon Motsin Ƙarfe

Mutumin da na zaɓa in ba ku tarihinsa shi ne Kapitsa, wani masanin ƙasar Rasha da aka haifa a 1894. A 1921 ya tafi Kambirij ta Ingila, ya yi aiki a ƙarƙashin Rutherford.

Abin da ya ƙayatar da ni shi ne dabararsa. Maganaɗisu mai ƙarfi sai da wutar lantarki mai yawa, ita kuwa takan narkar da waya. Sai ya riƙa sakin wutar kamar ƙiftawar ido, wajen kashi ɗaya cikin 100 na sakan. Kafin waya ta ƙone ya auna yadda ƙarfe ke miƙewa ko tsukewa. Irin wannan motsi ne ke sa taransifomominmu na Kakuri ƙugi.

A 1934 ya je gida ziyara, gwamnatin Stalin ta hana shi komawa. Bai karaya ba. A 1939 ma ya tsaya wa abokin aikinsa Landau har aka sake shi daga kurkuku. Ya sami kyautar Nobel a 1978, ya mutu a 1984. Ni kam na yarda, dabara ta fi ƙarfi.