ALHAJI MUSA ƊANƘWAIRO MARADUN (1909–1991): MAKAƊIN DA GIDANSU YA TSAYA MASA

  

A wannan fitowa mun zaɓi mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Duk wanda ya tashi a ƙasar Bukkuyum ko Anka ko Gummi ya san muryarsa, ko dai daga akwatin rediyo ta Rediyon Kaduna da Rima Rediyo, ko daga rumfunan masu sayar da kaset a ranar kasuwa. Sai dai yawancinmu mun san Ɗanƙwairo ne bayan ya zama gagarabadau. Ba mu cika tambayar wane ne ya fara ɗora hannunsa a kan fatar kotso ba. Wannan tambaya ta shafe mu, domin a yau a gidajenmu na birni akwai yaran da ke sha'awar koyon kayan kiɗa, iyaye kuwa sun rasa abin yi: wasu su yi duka, wasu su kau da kai.

HAIHUWARSA DA ASALINSA

An haifi Musa wajen shekarar 1909 a ƙauyen Ɗankadu cikin ƙasar Bakura, arewa da mu, a yankin da ya zama Jihar Zamfara a shekarar 1996. Sunan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, mahaifiyarsa kuwa ana ce mata 'Yarnunu. Kakansa, wanda aka sani da Kaka Maiganga, makaɗi ne, mahaifinsa ma haka. Gidan ya yi suna da kiɗan noma, wato kiɗan da ake yi wa manoma a gona ranar gayya, ana kirarin jarumai ana zaburar da raggaye har a tashi kuyya. Daga baya Usman Ɗankwanda ya zama makaɗin fadar Sarkin Kayan Maradun, ya riƙi kotso. Wannan ne dalilin da ya sa sunan Maradun ya bi Musa har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake ba can aka yanke cibiyarsa ba.

MAKARANTAR GIDA

Tun Musa yana ɗan shekara shida zuwa bakwai mahaifinsa ya fara fita da shi wurin kiɗa. A nan ya kamata mu tsaya mu dubi yadda wannan makaranta take, domin mu da muka yi aikin koyarwa mun ga alamun tsari a cikinta wanda bai gaza na aji ba.

A gidan makaɗan fada ba a miƙa wa yaro jagoranci don kawai ɗan maigida ne. Da ɗaukar kaya yake farawa, yana bin manya a baya, yana sauraro. Daga nan a sa shi cikin 'yan amshi, ya koyi riƙe gindin waƙa, ya san inda ake shiga da inda ake fita. Sai kuma ya koyi kayan kiɗan kansa. Kotso ganga ce mai siririn ƙugu kamar kalangu, amma baki ɗaya ne aka rufe da fata, ɗayan a buɗe yake. Ana manna nake a tsakiyar fatar don ta ba da amo mai zurfi, ana rataya shi a kafaɗa, ana kaɗa shi da hannu ba da makaɗi ba, ana kuma matsa tsarkiya ko a sassauta don amon ya hau ko ya sauka. Yaron da ke koyo dole ya san yadda ake ɗaure fata, da yadda ake gyaran tsarkiya idan ta tsinke, da yadda ake kiyaye kotso daga laimar damina.

Bayan wannan akwai karatu mafi wuya. Makaɗin fada shi ne taskar tarihin masarauta. Dole ya haddace salsalar sarki, kaka da kakanni, ya san wanda ya gaji wani, ya san sarautun fada da matsayin kowane basarake, don kada ya gabatar da na baya ya bar na gaba. Dole ya san yadda ake zube gaisuwa, da lokacin magana da lokacin shiru. Kuskure ɗaya a gaban sarki yana iya zubar da mutuncin gida gaba ɗaya. Duk wannan Musa ya same shi a bakin mahaifinsa da yayyensa, kyauta, dare da rana.

Ko laƙabinsa ma a wannan makaranta ya samo shi. Masu tarihin makaɗa sun bayyana cewa akwai wani ɗan amshi a ƙungiyar mahaifinsa mai suna Ƙwairo, wanda Allah ya ba zaƙin murya. Da yaro Musa ya fara amshi aka ji muryarsa siririya mai kaifi kamar ta wancan, sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo. Abin lura a nan shi ne, akwai manya a kusa da suka saurari yaron, suka gane baiwarsa, har suka ba ta suna. Baiwa nawa ce ta mutu a gidajenmu don ba a sami mai sauraro ba?

DAUDUN KIƊI

Da Allah ya yi wa Usman Ɗankwanda rasuwa, jagorancin ƙungiya bai faɗa hannun Musa ba. Wansa Abdu Kurna ne ya gaji gidan, Musa kuwa ya zama Daudun kiɗi, wato mataimakinsa. Ya daɗe a wannan matsayi yana bin wansa, duk da cewa kowa ya san irin muryar da yake da ita. Wa ya zame masa uba, shi kuma ya yi biyayya irin ta ɗa. Kurna kansa shahararren makaɗi ne wanda har yanzu masana suke ambatonsa cikin manyan makaɗan kotso na ƙasar Zamfara.

Ƙofar ɗaukaka ta buɗe a zamanin da Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, yake Firimiyan Jihar Arewa. Kamar yadda aka ruwaito, an nemi makaɗi daga Maradun wanda zai riƙa yi wa Sardauna waƙa, kuma Kurna ne babba, amma shekaru sun ja masa, sai hanya ta buɗe wa ƙanensa. Da Kurna mai ƙyashi ne da ya riƙe wurin ko da ba zai iya ba. Haka Musa ya fita da sunan gidansu, ya yi wa Sardauna waƙar nan da aka sani da Mai Dubun Nasara, wadda ta kai sunansa ko'ina a Arewa.

BAYAN SARDAUNA

An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, lokacin Ɗanƙwairo yana da kusan shekara 57. Mutane da yawa da suka dogara da wannan inuwa sun durƙushe, amma shi ya ci gaba har shekara ashirin da biyar bayan haka, domin sana'arsa tana da tushe tun kafin siyasa. Ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku waƙa, da Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, da 'Yandoton Tsafe Aliyu, wanda waƙarsa ta Shirya Kayan Faɗa take cikin waɗanda aka fi sani, da sauran sarakuna da hakimai da attajirai masu yawa.

Wanda ya saurari ƙungiyarsa da kunnen basira zai ji aikin gida a cikinta. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, kafin ya dire 'yan amshi sun karɓe sun ƙarasa, wani sashe ya miƙa wa wani, muryoyi manya da ƙanana suna tafiya tare ba mai taka wani. Irin wannan haɗin baki ba a samunsa a wata ɗaya ko shekara ɗaya. Yana fitowa ne daga mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya, domin a cikin 'yan amshinsa akwai 'ya'yansa da danginsa. Abin da mahaifinsa ya yi masa shi ma ya yi wa na bayansa.

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1991 yana da kimanin shekara 82. 'Ya'yansa suka ci gaba da riƙon kotso a bayansa. Waƙoƙinsa kuwa sun shiga jami'o'i, ɗalibai suna rubuta kundaye a kansu, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya kawo tarihinsa a littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa.

BA SHI KAƊAI BA

Ɗanƙwairo ba shi kaɗai ne gida ya tallafa ba. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ta wajen uwa ya gaji kiɗa, kuma kotson kakansa da mahaifiyarsa Riba ta adana shi ne ya fara kaɗawa. Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, shi ma a hannun mahaifinsa ya koya. A ɗaya gefen kuma akwai Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, wanda mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba domin ba gadonsu ba ce. Hanin bai hana ba: Shata ya yi waƙa har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Darasin a fili yake. Idan baiwa ta yi ƙarfi hani ba ya kashe ta, sai dai ya sa yaro ya neme ta a waje, inda idon uba ba ya kai. Shata ya tsira ya ɗaukaka, amma ba kowane yaro ne Shata ba.

INA MUKA TSAYA?

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Mu Hausawa muna son kiɗa amma muna raina makaɗi. Mukan yi kyauta idan an wasa mu, amma idan ɗan makaɗi ya zo neman aure sai a fara binciken asali. Mu malaman makaranta ma ba mu kuɓuta ba. Muna tuna wani yaro a wata firamare da muka taɓa shugabanta, wanda ya ɗaure bakin gwangwanin madara da 'yar fata yana kaɗawa lokacin tara, yara sun kewaye shi. Muka ƙwace gwangwanin, muka yi masa bulala, muka aika wa mahaifinsa, shi ma ya ƙara masa. Alhali a wannan makarantar muna neman mai kaɗa gangar fareti da safe ba mu samu ba. Yaron bai gama aji shida ba ya bar makaranta. Har yau idan muka tuna, mukan ce da mun ba shi gangar fareti bisa sharaɗin ya riƙe karatunsa, wataƙila da labarin ya sake.

Mun san akwai iyayen da suke ƙin kiɗa saboda addini. Malamai sun yi maganganu a kan wannan mas'ala tun da daɗewa, kuma ba mu ne za mu yanke hukunci a wannan shafi ba. Kowa ya koma ga malamin da ya amince da shi. Wanda ya hana bisa ilimi, ya zaunar da ɗansa ya yi masa bayani, ya sama masa abin da zai maye gurbi, ya yi aikin uba. Maganarmu tana kan wanda ya hana don jin kunyar maƙwabta kawai, da kuma wanda ya sakar wa yaro waya da kuɗi bai san abin da yake saurare ko yake rerawa ba.

Yaranmu na birni ba kotso suke gani ba. Fiyano suke gani, da jita, da kwamfutar haɗa kiɗa a situdiyo. Kayan sun sake, amma abin da Usman Ɗankwanda ya yi bai tsufa ba. Ya saurari ɗansa tun yana ƙarami. Ya sa shi a hannun manyan da ya sani. Ya bi da shi mataki-mataki, bai bar shi ya yi tsalle ba. Ya haɗa masa kiɗa da ladabi da sanin tarihi. Uban da ke Kaduna ko Abuja yana iya yin kwatankwacin haka: ya san mai koya wa ɗansa da inda ake koyon, ya ware lokaci bayan Islamiyya da boko, ya sa sharaɗin cewa sakamakon jarrabawa ba zai faɗi ba, ya kuma zauna ya ji kalmomin da yaron yake furtawa. Idan da hali ya saya masa kayan da kansa, domin abin da uba ya saya a falo ake kaɗa shi, wanda yaro ya samo a ɓoye kuwa a ɓoye zai yi amfani da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma wani nauyi a kanmu. Rashin tsaron da ya addabi ƙasarmu a shekarun nan ya raba ƙauyuka da yawa da gonakinsu, gayya ta yi ƙaranci, makaɗan noma sun watse, masu sassaƙa kotso da kalangu suna tsufa babu magada. Idan muka zo gida da Sallah, ya kamata mu kai yaranmu su gaida waɗannan dattawa, su ga yadda ake ɗaure fata, su ji tarihin garinsu daga bakin masu shi. Muna kuma ba ƙungiyarmu shawarar ta ɗauki muryoyinsu ta adana tun suna raye.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo da mahaifansa, ya gafarta musu kurakuransu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana. Amin.