Malam Abdullahi na Gwandu da Mayaƙansa

Mu mutanen Dangoma tun muna makarantar allo mu ke jin sunan Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, amma galibi wajen ilmi a kan ambace shi. An haife shi wajen 1766, ya yi karatu hannun wansa. Sa'ad da aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, sai malami ya zama shugaban yaƙi.

A Tabkin Kwatto, watan Yuni na shekaran nan, ya tarar da rundunar Yunfa Sarkin Gobir, da 'yan lifidi da Abzinawa. Dawakin jama'arsa kuwa ba su fi ashirin ba. Ɗan lifidi mutumin sarki ne, auduga ta tsare shi duk da dokinsa, yana da bara mai yanko masa ciyawa. Amma zafi na dafa shi ciki, in kuwa doki ya fāɗi, tashi sai da mataimaki. Ɗan baka a ƙasa ya ke tafiya, guzurinsa a kafaɗa, babu abin da ya raba ƙirjinsa da mashi sai riga. Ko wajen ganima, mun karanta cikin fiƙihu mahayi na da kashi uku, dakare ɗaya. Duk da haka 'yan bakan nan su suka kori Gobirawa ran nan.

Malanta ma ba ta tsare kowa ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe jama'a wajen 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Shi kansa yana kwance da raunin kibiya da ya samu a ƙafa wajen Alƙalawa, ya tashi yana ɗingishi ya tare abokan gaba. Bayan wannan ga yunwa, wadda ta fi cin na ƙasa.

Ya ci Birnin Kebbi cikin 1805, aka sha kashi a Alwasa shekaran nan. Sa'an nan ya ga mutanen kirki sun ƙare a fagen fama, waɗansu da suka saura sun koma tara dawaki da ƙwaraƙwarai. Abin ya ɓata masa rai, har wajen 1807 ya bar runduna ya nufi Makka. Kanawa suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kana ya komo.

Ya riƙi yammacin daula, ya rasu a Gwandu cikin 1829, can kabarinsa ya ke.