Goloba: Baturen da Ya Yanka Titunan Ebute Metta

Jama'a, duk wanda ya sauka a Iddo ya biyo ta Oyingbo ya shigo Ebute Metta zai lura da abu guda. Titunan unguwar nan a miƙe suke sambal, wannan ya ratsa wancan kamar gidan dara. Ka bi titin Kano, ko na Ibadan, ko na Abeokuta, da wuya ka ɓata, saɓanin lungunan Isale Eko inda baƙo kan yi ta zagaye har ya gaji. Yaranmu da aka haifa a nan suna zaton haka wurin yake tun fil azal. To, akwai wanda ya fara ja masa igiyar awo, kuma tarihinsa a haɗe yake da na Hausawan Ikko. Shi za mu duba a wannan fitowa.

Sunansa John Hawley Glover, amma Yarbawa suka mai da shi Goloba. An haife shi a Ingila a 1829, ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara goma sha biyu, har ya sami rauni a yaƙin Bama a 1853. A 1857 ya biyo tawagar Dokta Baikie da ta hau kogin Kwara a cikin wani jirgi mai suna Dayspring. Jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace. Wannan hatsari ne ya sa Goloba ya ratsa ƙasar Yarbawa ta tudu har zuwa Ikko, kuma a irin waɗannan tafiye-tafiye ya san Hausawa, ya ga juriyarsu a kan hanya.

Ingila ta karɓe Ikko daga hannun Sarki Dosunmu a 1861. Shekara biyu bayan haka, a 1863, ragamar mulkin garin ta faɗo hannun Goloba. Abu na farko da ya rasa shi ne mutanen da zai dogara da su. Sai ya tara Hausawa goma sha takwas ya ba su horon soja, aka riƙa ce musu Hausawan Goloba. A hankali rundunar ta yi ta ƙaruwa, kuma da yawa daga cikin masu shiga bayi ne da suka tsere daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa suka sami 'yanci a Ikko. Rundunar sojan Nijeriya ta yau daga waɗannan mutum goma sha takwas take ƙirga asalinta. Ashe ke nan Bahaushe ba jiya ya zo garin nan ba.

Ikko ta wancan zamani gari ne na rufin ciyawa da lunguna masu ƙunci, ga fadama, ga sauro, gobara kuwa in ta tashi sai ta cinye unguwa guda. A 1863 aka kafa dokar gyaran gari, wadda ta ba hukuma ikon shata tituna da miƙe su. A zamanin Goloba aka buɗe babban titin nan na Broad Street, aka kuma ci gaba da gyaran bakin ruwa na Marina. Irin aikin da a yau muke jiran ciyaman da kansila su yi, shi ne gwamna da kansa yake fita yana dubawa.

Amma aikin da ya fi shafarmu shi ne na 1867. A shekarar nan rikici ya ɓarke a Abeokuta, aka farfasa gidajen mishan, aka kori Turawa. Kiristocin Egba da dama suka biyo su zuwa Ikko ba su da wurin sa haƙarƙari. Lokacin Ebute Metta ɗan ƙauye ne na Awori masunta da manoma a bakin ruwa. Sunan ma a Yarbanci yana nufin mashigai uku inda kwalekwale ke tsayawa. Goloba ya nemi fili a wurin gidan sarautar Oloto, masu ƙasar, suka ba shi domin a saukar da 'yan gudun hijira.

Nan ne ya nuna hangen nesa. Bai bar kowa ya kafa bukka inda ya ga dama ba. Sai da aka auna ƙasar, aka fitar da tituna a tsaye da a kwance, aka yanka fuloti-fuloti a tsakaninsu, sannan aka raba. Kowane magidanci aka ba shi 'yar takarda mai nuna fulotinsa, wadda daga baya ta shahara da sunan tikitin Goloba. Wato an riga an ware wa hanya haƙƙinta tun kafin a sa tubalin farko. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to haka gari yake.

Sai dai aikin bai rasa tangarɗa ba. Tikitin bai fayyace ko mai shi ya mallaki ƙasar ɗungurungum ba ne, ko kuwa aro aka ba shi a ƙarƙashin Oloto. Wannan ya jawo shari'u iri-iri a tsakanin jikoki da masu saye, har sai da gwamnati ta yi doka ta musamman a kan filayen a 1947, shekara tamanin bayan rabon. Wanda duk ya taɓa sayen fili ko kama rumfa a garin nan ba tare da cikakkiyar takarda ba ya san zafin irin wannan magana.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka waliyyi muke ba da labari. Goloba ma'aikacin mulkin mallaka ne, ribar Ingila ya sa a gaba. A 1865 ya tura sojoji suka fatattaki Egba daga Ikorodu. Rigimarsa da Egba da Ijebu ta kai har suka toshe hanyoyin ciniki, kasuwa ta mutu, 'yan kasuwar Ikko suka yi ta kuka da shi. A 1872 ya bar garin. A 1873 zuwa 1874 ya sake jan Hausawa zuwa yaƙin Asante a ƙasar da ake kira Gana a yau, inda suka zubar da jini a yaƙin da ba nasu ba. Daga nan aka naɗa shi gwamna a Newfoundland, wadda yanzu take cikin Kanada. Ya mutu a Landan ran 30 ga Satumba, 1885. Mutanen Ikko suka gina zauren taro da sunansa, kuma har yau akwai titin Glover a nan Ebute Metta.

Bayan mutuwarsa ƙauyen ya bunƙasa. A 1896 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga wannan yanki, ta isa Ibadan a 1901, ta isa Kano a 1911. Ita ce ta sauko da kakanninmu fatake da shanu, ta koma da goro daga Agege. Kula da tituna ya koma hannun majalisar garin Ikko da aka kafa a 1917, yau kuma yana wuyan ƙaramar hukumar Lagos Mainland.

To, 'yan'uwa, titunan suna nan inda aka shata su, amma dubi halin da suke ciki. Kwata ta cika da leda, ruwan sama kaɗan sai ya shiga ɗakuna, wani ya ciyo hanya da kanti, wani ya mai da kwana bola. Wani laifin na hukuma ne, wani namu ne. Muna biyan haraji da kuɗin rumfa, saboda haka muna da bakin zuwa ofishin kansila mu tambayi inda aka kwana a kan yashe magudanai da kwashe shara. Mu riƙa halartar taron unguwa tare da maƙwabtanmu Yarbawa, mu yi rajistar zaɓe a inda muke kwana, kowa kuma ya share ƙofar gidansa. Mutanen da kakanninsu suka tsare garin nan tun 1863 bai kamata su zauna kamar baƙin kwana biyu ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.