Clements Kadalie: Baƙon Da Ya Haɗa Kan 'Yan Dakon Cape Town

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Apapa ya ga ana lodi da sauke kaya ya san cewa jirgin ruwa, komai girmansa, ba ya tashi sai leburori sun ga dama. To, wannan karon mun kawo wa 'yan uwa tarihin wani mutum da ya gane haka tun 1919, a can Afirka ta Kudu.

An haifi Clements Kadalie a 1896 a ƙasar Nyasaland, wadda ake kira Malawi yanzu. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Livingstonia, ya fita da takardar malanta tun yana saurayi. Bai daɗe da alli a hannu ba ya shiga duniya neman abin kai. Ya taɓa aiki a Mozambik da Rodeshiya, a 1918 kuma ya sauka Cape Town. Baƙo ne fa, harsunan mutanen ƙasar ma ba nasa ba ne. Da Turanci yake jawabi.

A nan ya haɗu da wani Bature, A. F. Batty, mai ra'ayin kare talakawa. A watan Janairu 1919 suka kafa ƙungiyar ƙwadago da aka fi sani da ICU, da mutum 24 kacal, galibinsu ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Lokacin an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, kaya sun yi tsada, ladan lebura kuwa yana nan inda yake. Abin da ya fi ci wa 'yan dakon rai shi ne, da kafaɗunsu ake loda abinci zuwa Turai alhali gidajensu ana kwana da yunwa.

A watan Disamba na shekarar suka ajiye aiki. Wajen mutum 2,000 suka shiga yajin, aka yi kamar mako biyu tasha ta tsaya. Buƙatu biyu ne: a daina fitar da abinci, a kuma ƙara lada. Ƙungiyar Turawa ma'aikatan jirgin ƙasa da tasha ta yi alkawarin mara musu baya, amma da gwamnati ta sassauta kan maganar abinci sai ta zame, ta bar baƙar fata da soja da 'yan sanda. Yajin ya watse ba ƙarin ko kwabo. Sai dai kamfanonin lodi sun ɗanɗana, ba su kuma son a maimaita. A 1920 da ICU ta koma da buƙatarta, suka amince da sule 8 a yini, kusan ninkin abin da ake biya a da. Gwamnati ta ba da takardar korar Kadalie daga ƙasar tunda ba ɗan ƙasa ba ne, daga baya aka soke ta.

Daga nan suna ya tafi. ICU ta kafa jaridarta, Workers' Herald, ta buɗe rassa a Durban da Johannesburg, har hedkwata ta koma Johannesburg ɗin. Zuwa 1927 tana cewa tana da mambobi 100,000, kuma da yawansu ba su taɓa ganin teku ba. Manoman haya ne da leburorin gonakin Turawa, waɗanda suka yanki jan katin ƙungiya da fatan za ta hana a tashe su daga filaye. A shekarar ce Kadalie ya je Turai, har Geneva, yana kai kukan ma'aikata baƙar fata.

A ganinmu a nan gizo ya yi saƙa. A tasha, in mutum dubu biyu suka naɗe hannu, a ranar mai jirgi zai fara asara. A gona kuwa, Bature sai ya kori mai jan kati da iyalinsa da shanunsa, ƙungiya ba ta da abin yi sai ɗaukar lauya. Kuɗi suka riƙa tafiya kotu, wasu kuma suka bi aljihun jami'ai. A ƙarshen 1926 an riga an kori 'yan kwaminis, cikinsu har da James La Guma, waɗanda ko ba komai sun iya tsara ma'aikata. A 1928 A. W. G. Champion ya ɓalle da reshen Natal. William Ballinger da aka turo daga Birtaniya don ya gyara lissafi, shi ma suka saɓa da Kadalie. A 1929 mutumin da ya kafa ƙungiya ya bar ta.

Abin lura, da ya tashi sake gini bakin teku ya koma. Ya zauna a garin East London, ya kafa wata ICU mai zaman kanta, a watan Janairu 1930 ma'aikatan tasha da na jirgin ƙasa suka fara yajin da ya game garin. An kama shi, ya yi zaman kurkuku.

Masu binciken tarihin ƙungiyar suna dogara da jaridarta, da kuma rahotannin 'yan sandan ciki da ake turawa tarurruka su rubuta abin da aka faɗa. Wato waɗanda aka sa su rusa ta su ne suka adana mana jawabanta. Kadalie ya rasu a East London a watan Nuwamba 1951. Littafin da ya rubuta kan rayuwarsa, My Life and the ICU, bai fito ba sai 1970.